Wai muryata tana nutsewa, an yi min adalci?

Mai Jita: Salam jama'a, raina a ɓace yake wallahi. Na rubuta waƙar gargajiya kan uwar da ɗanta ya tafi nema bai dawo ba, na ɗauka a ɗaki da waya, daga ni sai jitata, na tura wa wani mai aikin situdiyo, abin da ya iya cewa kawai "murya tana nutsewa, sake ɗauka". Ko kalma ɗaya bai ce kan baitocin ba. Ga ta nan ku saurara ku faɗa min gaskiya.

Baban Ummi: Ƙanina tsaya tukuna, wa ya ce maka wannan gargajiya ce? Da jita? Gargajiya ai kuntigi ne da gurmi da goge da kalangu. Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya tak ya yi ta rera waƙa har Allah ya karɓi abinsa a 2015, kai ka ɗauko mai tsirkiya shida kana kiranta gargajiya.

Hajjo: Haba Baban Ummi, to Ali Farka Toure na Mali fa? Da jita ya kaɗa waƙoƙin mutanensa har ya ci babbar lambar yabon waƙa ta Grammy, ya rasu 2006 ba wanda ya ce ba na gargajiya yake yi ba. Kayan kiɗa daban, salon waƙa daban.

Baban Ummi: Wannan Turawa ne suka ba shi, ba su za su faɗa mana gargajiyarmu ba.

Abban Sauti: Ni dai na saurara har ƙarshe. Mutumin bai yi ƙarya ba, ka ajiye wayar kusa da ramin jitar shi ya sa ta danne muryar, ga ƙarar fanka a baya, ɗakin kuma yana amsa-kuwwa. Kashe fanka, saki labule, rataya bargo a bayanka, ka ɗauki jita daban murya daban sai ka haɗa a manhajar gyaran sauti ta Audacity, kyauta ce. Bakinka da makirfo kamar taƙi ɗaya. Kuma daga baiti na uku ka fara sauri, amshin ya fi farkon gudu. Amma wurin da uwar take share ɗakinsa kullum ko zai dawo, wannan ya taɓa ni sosai, kar ka canza shi.

Hajjo: Ka ji masu sauraro. Baban Ummi ni na tabbata ko buɗe ta ba ka yi ba.

Baban Ummi: Na buɗe, ina jin jita na rufe. Kuma ki iya bakinki Hajjo, na girme ki nesa ba kusa ba.

Ɗan Autan Mama: Yaya Hajjo kullum in Baba ya yi magana sai kin tanka, wancan karon ma haka kika yi masa kan auto-tune, manhajar nan mai daidaita muryar mawaƙi.

Hajjo: Kai kuma ɗan amshin Shata, wa ya sako da kai? Ai a kan auto-tune ɗin ma ni ce da gaskiya, kowa ya shaida.

Ɗan Autan Mama: Kowa wa? Kawo mutum biyu.

Mai Jita: Dan Allah jama'a baitocin fa, ni su nake tambaya.

Shugaba: To ya isa haka. Abin da na fahimta, yawancinmu mun yarda wannan waƙar zamani ce ba gargajiya ba, kamar yadda Baban Ummi ya kawo hujja mai ƙarfi. Mai Jita ka nemi mai gurmi ku sake ɗauka. Hajjo a riƙa girmama manya.

Hajjo: Yawancin wa ranka ya daɗe? Mutum biyu ne, kai na uku, kuma ba ka ko ambaci maganar Abban Sauti ba.

Mai Jita: Abban Sauti, bargon a bayana zan rataya ko a bayan wayar?