Zuciyata ta ƙeƙashe a jinyar surukata, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ina aure a wani ƙauye kusa da Ringim. Shekara biyu ke nan da Inna, mahaifiyar maigidana, ta samu shanyewar ɓarin jiki, kuma ni ke jinyarta: wanka, juya ta, wankin zannuwa, ba ta kunu a cokali. Da farko da zuciya ɗaya nake yi. Yanzu kuwa ko muryarta na jiyo sai raina ya ɓaci. Shekaranjiya ta furzo min kunun tsamiya a zane, na daka mata tsawa, ta bi ni da ido kawai. Bayan rumbu na je na sha kukana.

Ƙanwata da ke karatu a Dutse ta ce in riƙa zama shiru minti goma, in yi wa kaina fatan alheri a zuci, sai wanda nake ƙauna, sai wanda ke ɓata min rai. Wai yana sa mutum ya ji daɗin rayuwarsa. Da gaske ne? Kuma bai saɓa wa addini ba?

Wata malamar jinya daga Gumel:
Sannu 'yar uwa, Allah ya ba da lada. Ba tatsuniya ba ce. A 2008 Barbara Fredrickson ta Jami'ar North Carolina a Amurka ta fitar da bincike kan ma'aikatan wani kamfanin kwamfuta da aka koya wa irin wannan zaman na kimanin mako bakwai. Farin cikinsu na yau da kullum ya riƙa ƙaruwa kaɗan-kaɗan, daga nan gamsuwarsu da rayuwa ta ɗagu. Ki lura, kaɗan-kaɗan na ce, ba sha yanzu magani yanzu ba ne.

Amma abin da ya fi shafarki shi ne binciken Tania Singer a Jamus. Sun bambance abu biyu: ɗaukar ciwon wani ki ɗora a ƙirjinki, da kuma so masa sauƙi. Na farkon gajiyar da mutum yake yi har ya fara gudun majinyacin, mu a asibiti mun san shi sarai. Na biyun kuwa ƙarfi yake ƙarawa. Ke ba muguwa ba ce, gajiya kika yi.

Wani malamin Islamiyya daga Dambatta:
Baiwar Allah, a faɗi gaskiya, asalin abin daga mabiya addinin Buddha ne, metta suke ce masa. Kada ki ɗauko lafuzzansu. Muna da namu: ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda ya yi wa ɗan uwansa addu'a a bayan idonsa, mala'ika zai ce amin, kai ma a ba ka irinta. In kin idar da Asuba ki zauna kan dardumarki, ki roƙa wa kanki rahama, sannan ki ambaci Inna da sunanta.

Wata Hajiya daga Hadeja:
'Yar nan, duk na ji, amma tunani ba ya wanke zane. Ina 'ya'yanta mata? Shi maigidan naki hannunsa ciwo yake? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki sa yayansa ya tara su a raba kwana, ko Juma'a ce ki samu ki je gidanku ki miƙe ƙafa.

Malamar jinya ta ƙara da cewa:
Idan barci da cin abinci sun gagare ki har mako biyu, ki ga likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, kuma zuwa can ba hauka ba ne.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya bar zumunci. Malam, kwana uku ke nan ina yi. Addu'ar Inna ba ta ba ni wuya ba, tawa ce ke maƙale min a wuya. Hajiya, na yi masa maganar jiya yana gyaran garma, bai ce komai ba. Amma yau da safe shi ya ɗaga ta na canza shimfiɗa.