Lilo iri ɗaya, amma layin Paris ya ninka na Kalifoniya uku. Me ya jawo?

Maman Sadiq

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun bara, na ce bari in kawo shi nan ko wani zai warware mini.

A Ingila muke zaune. Ƙarshen Oktoba, da yara suka samu hutun mako guda, muka kai su wurin wasanni na Disneyland Paris. Akwai wani lilo da ake kira Big Thunder Mountain, jirgin ƙasa ne na wasa da ke bi ta ƙarƙashin ruwa ya ɓullo a tsibiri, ya yi ta zagaya jajayen duwatsu a guje. Sadiq ya kafe sai ya hau. Allon bakin ƙofa ya nuna minti 75, kuma kusan hakan muka tsaya, ga sanyi yana ratsa takalmi, babansu yana waje yana rarrashin ƙaramar.

A watan Mayu kuma muka je wajen yayana a Kalifoniya, ya kai mu Disneyland ta Anaheim. Sai ga lilon nan dai, sunansa ɗaya, duwatsunsa ɗaya. Minti 25 muka yi, har sau biyu muka hau kafin azahar. Abin da ya ɗaure mini kai, Yaya ya ce wurin nasu ya fi na Paris cika nesa ba kusa ba. To in mutane sun fi yawa, yaya aka yi layi ya fi gajarta?

Injiniya_Kakuri

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki tuna layin famfo a unguwa. Tsawon jira abu biyu ne ke yanke shi: bokiti nawa ne a gabanki, da kuma ƙarfin zubar ruwan.

Jirgin Big Thunder yana ɗaukar mutum 30, taragu biyar, kowane mutum shida. Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, jirgi yana tashi duk minti ɗaya. Mutum 1,800 ke nan a awa. In akwai mutum 900 a gabanki, rabin awa za ki yi. A cire jirgi ɗaya don gyara, tashi ya koma duk minti ɗaya da rabi, mutanen nan 900 ɗin sun zama jiran minti 45, alhali ko mutum ɗaya bai ƙaru ba. Ke da kike tsaye ba za ki san jirage nawa ke aiki ranar ba.

Su kansu masu wuraren da wannan lissafin suke aiki. A 2016 sun ƙara zauren kallo na uku ga lilon Soarin' da ke Epcot, ɗaya daga wuraren Disney a Filorida, na Kalifoniya kuma yana nan da zaure biyu. Suna ɗaya, amma bakin famfon ba ɗaya ba.

Ɗan Damagaram a Faransa

Injiniya, lissafinka daidai ne, sai dai a wannan lilon ba na jin nan gizo yake saƙar. Ina zaune ba nisa da Marne-la-Vallée, inda wurin yake, kuma duk baƙon da ya zo daga gida ni ne ɗan rakiya, har na haddace allunan.

Hajiya, ki duba maganar tsawon yaro. A Paris, Big Thunder yana karɓar yaro daga santimita 102. Hyperspace Mountain sai 120, domin na nan harba jirgin ake yi kamar daga bakin igwa, kuma yana kifa mutum kai ƙasa. Na Indiana Jones kuwa sai 140. Ke nan uban da ya zo da ɗan shekara biyar mai son gudu, a cikin babban wurin (Disneyland Paris wurare biyu ne) ba shi da wani babban jirgi sai Big Thunder. Haka kaka da ba ta son a juya ta. Haka mai tsoro da abokai suka ja. Kowa da kowa nan yake tararwa.

A Anaheim fa? Space Mountain nasu, takwaran Hyperspace, ba ya kifa kowa, kuma 102 ɗin nan ce ƙa'idarsa. Matterhorn, wanda ke can tun 1959, 107 ne. Yaro ɗaya, jirage uku. Wanda ya zo ya ga allo ya nuna minti 50 sai ya ce a'a, ya wuce na gaba, tunda akwai na gaban. A nan kuwa in ka ga 75 sai ka yi tsaki ka shiga, don in ka tafi ina za ka? Ni a ganina layi ba ya daina tsawo sai ya kai inda mutane suka fara juyawa, kuma mutum ba ya juyawa sai yana da wurin zuwa.

Wanda yake son ya ga haka ƙarara ya tsallaka wuri na biyu na Paris, ya duba Crush's Coaster da aka buɗe a 2007. Kowane ƙoƙon kunkuru da ake zama a ciki mutum huɗu kacal yake ɗauka, tsawon da ake nema 107, kuma babu irinsa a wani wurin Disney. Tun da safe layinsa yake miƙewa.

Sannan kin zo a mummunan lokaci, ki yi haƙuri. Ƙarshen Oktoba hutun lakwal (makaranta) ne na Toussaint, mako biyu, kuma ba kamar hutun Fabrairu da na Afrilu ba da ake raba ƙasar shiyya uku, wannan duk Faransa tare ake fita. Ga ku 'yan Ingila kun tsallako, ga bikin Halloween. In kika dawo wata Talata a tsakiyar Janairu, ba za ki yarda wuri ɗaya ba ne.

Baban Ilham

Ni abin da zan ƙara shi ne layi biyu ne, ba ɗaya ba. A 1999 suka fito da FastPass, takardar da a da ake karɓa kyauta a dawo a lokacin da aka rubuta. A 2021 aka koma na kuɗi: Premier Access a Paris, Lightning Lane a Amurka. Kujerun jirgi ba su ƙaru ba, don haka duk wanda ya shigo ta ƙofar kuɗi, kujerar da zai zauna daga rabon babban layi aka cire ta. Shi ya sa wani lokaci za ki ga mutanen gabanki ba su da yawa amma tafiyar kamar ta hawainiya. Ranar da masu saye suka yi yawa, mai jira zai ji a ƙafarsa.

Kuma kada ki riƙa ɗaukar lambar allo kamar awon gwal. Ƙiyasi ne. Na sha shiga an rubuta 40 in fito a 25, musamman dab da rufewa ko lokacin da jama'a suka tafi kallon fareti.

Injiniya_Kakuri

Ɗan Damagaram, na sallama. Ni famfo nake ta aunawa, ashe unguwar ce rijiyarta ɗaya. Amma maganar yayan Hajiya gaskiya ce: a 2023 Disneyland ta Anaheim ta karɓi sama da mutum miliyan 17, babban wurin Paris kuma wajen miliyan 10. Sai dai da yawa daga cikin na Anaheim 'yan gari ne masu katin shekara. Wanda zai iya dawowa mako mai zuwa ba zai tsaya awa guda don jirgin da yake nan tun 1979 ba. Wanda ya biya jirgin sama da otal daga Landan, ko ana ruwan ƙanƙara sai ya hau.

Maman Sadiq

Allah ya saka da alheri, yanzu na gane. Ɗan Damagaram, kamar kana wurin. Sadiq santimita 110 ne a lokacin. Mun fara zuwa Hyperspace Mountain, aka tsayar da shi a jikin sandar awo, bai kai ba, ya yi ta kuka, daga nan ne muka nufi Big Thunder. Ashe duk iyayen da na gani a layin nan da yara masu jajayen idanu daga can aka juyo su. A Kalifoniya kuwa Space Mountain ya fara hawa, Big Thunder ma sai da na tuna masa.

Yanzu ya kai 118. Babansu yana maganar mu koma a hutun Fabrairu, na ce a bari tukuna, saura santimita biyu.