Me za mu kira salamanda da Hausa?

Jama'a, ga wata dabba da take ba masu fassara darasin halittu wahala: salamanda. Ba mu da ita a ƙasar Hausa, kudu da Sahara ma kaf babu ita. A Afirka sai a Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Mazauninta nahiyoyin Amurka ne da Turai da Asiya, ire-irenta sun haura 700, kuma duwatsun Afalashiya da ke gabashin Amurka na cikin wuraren da ta fi yawa a duniya. Tunda yaranmu suna cin karo da ita a littafi, ya kamata mu yi mata suna.

Sunan da ake saurin kawowa shi ne "ƙadangaren ruwa". Ni dai ban yarda da shi ba. Siffa ce kawai ta haɗa su: jiki dogo, ƙafa huɗu, jela. Ƙadangare fatarsa busasshiya ce mai kaushi, yana da farce, yana shan rana a kan katanga. Salamanda kuwa fatarta laushi da danshi, yawancinsu ba su da farce, rana ta busar da ita ta mutu. Wasu ma ba su da huhu, da fata suke numfashi. Ga shi kuma duk Bahaushen da ya ji "ƙadangaren ruwa", tsari ne zai zo masa a rai. Yaro ya haddace wannan suna, ya sa ta cikin dangin kada da guza, alhali 'yar'uwar kwaɗo ce.

Abin da nake ba da shawara: kwaɗo mai jela. Jam'i, kwaɗi masu jela.

Dubi rayuwarta. Akwai wata baƙa mai ɗigo-ɗigon rawaya a dazuzzukan gabashin Amurka da Kanada. Kusan duk shekara tana ɓoye a ramuka ƙarƙashin ganye da ruɓaɓɓen itace. Da sanyi ya wuce aka yi ruwan dare na farko, sai su fito su nufi kududdufi su yi ƙwai cikin dunƙulen yauƙi. Kuma ba kowane ruwa suke so ba. Sun fi zaɓen kududdufin da yake ƙafewa idan zafi ya yi, domin kifi ba ya iya zama a irinsa, kifi kuwa shi ke cinye ƙwai da 'ya'ya. Farashin wannan zaɓi shi ne gaggawa: dole 'ya'yan su girma su fita kafin ruwan ya ƙafe. Duk wanda ya san yadda kwaɗi suke cika kududdufan damina a garuruwanmu ya riga ya fahimci rabin labarin.

Wani malami ya ce mini, "To Malam, ai talibambam ma kwaɗo ne mai jela." Gaskiya ne, Malam, kuma tambaya ce mai nauyi. Sai dai talibambam jelarsa ta aro ce, yana girma take ɓacewa. Wannan kuwa da jelarta take tsufa. Abincinsu ma ba ɗaya ba. Yawancin talibambam gansakuka suke kankara su ci. Ɗan salamanda tun yana ƙarami mafarauci ne: ƙananan ƙwarin ruwa, tsutsar sauro, har talibambam ɗin kansa. Buɗe baki yake yi farat ɗaya, ruwa ya zuƙo masa abincin ciki. Idan cunkoso ya yi yawa, a wasu ire-iren sai wasu 'ya'yan su yi ƙaton kai su koma cin 'yan'uwansu. Babba a tudu kuma katantanwa da gizo-gizo da tana yake ci, da yawa da harshe mai danƙo suke kamawa. Saboda haka kada mu kira ɗanta talibambam, mu ce ɗan kwaɗo mai jela.

Masu cewa a bar "salamanda" kawai, ban ƙi ba a rubutun jami'a, a ambace shi sau ɗaya tare da na Hausar. Amma a aji uku na firamare kalmar ba ta gaya wa yaro komai.

Na zaɓi jela ne don ta fi gajarta a baki. Wanda a garinsu wutsiya ko bindi ake cewa, ya sa nasa, muddin kwaɗo yana gaba.