Wai Jamus ta fi kowa amsa laifinta?

Ɗan Kurna: Jama'a jiya na yini ina yawo a Berlin. Na fara da wajen tunawa da Yahudawan da gwamnatin Hitler ta kashe, nan kusa da ƙofar Brandenburg, tubalan kankare ne 2,711 an jera su kamar maƙabarta, kana shiga ƙasa tana gangarawa suna fin ka tsawo har ka rasa wanda kuka shigo tare. Daga nan na wuce ragowar katangar da ta raba garin daga 1961 zuwa 1989. Ni dai na ce duk duniya ba ƙasar da ta kai Jamus fitowa ta ce mun yi laifi, a tsakiyar babban birninsu fa suka ajiye abin kunyarsu.

Anti Ladidi: Ƙanena ka leƙa titin Wilhelmstrasse kuwa? Nan Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, ya tara ƙasashe 14 kan Afirka daga Nuwamba 1884 zuwa Fabrairu 1885, ba ɗan Afirka ko ɗaya a zaman. Me aka gina a wajen?

Ɗan Kurna: Na je Anti, allo ne guda a bakin titi, ginin ma babu shi.

Anti Ladidi: To ka gani. Ƙabilun Herero da Nama da sojojinsu suka hallaka a Namibiya tun 1904, sai 2021 suka yarda su kira shi kisan ƙare dangi, kuɗin ma yuro biliyan 1.1 a shekara 30 kuma suka ƙi ce masa diyya, wai tallafi. Laifin da aka yi wa Bature shi ne ake gina wa dutse.

Ɗan Maraɗi: Wallahi kuwa Anti, a teburin nan aka sa rula aka raba mu da Katsina.

Malam Na Zariya: A'a ɗan uwa, ba a Berlin aka ja iyakarku ba. Zaman can kan Kwango ne da zirga-zirgar jirage a kogin Kwango da Neja da ƙa'idar yadda Bature zai ce wuri nasa ne. Iyakar Najeriya da Nijar Ingila da Faransa ne suka yi ta cinikinta tsakaninsu, layin iyaka daga Say a bakin kogin Neja zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi a 1890, suka sake gyarawa a 1898 da 1904 da 1906.

Ɗan Maraɗi: Malam ai duk ɗaya ne, wa ya buɗe musu ƙofa?

Ɗan Kurna: Amma Anti ki yi musu adalci mana, a Disamba 2022 ministarsu ta harkokin waje da kanta ta kawo kayan tagullar Benin Abuja, kuma a watan suka sauya sunan wani dandali a unguwar Wedding ta Berlin daga Nachtigal, jami'insu na mulkin mallaka, zuwa Manga Bell, sarkin Duwala ta Kamaru da suka rataye a 1914. Gidan tarihin Birtaniya fa? Har yau kayan Benin da ke hannunsu na London.

Anti Ladidi: Fin Ingila ba abin yabo ba ne. Kuma sauya sunan nan baƙaƙen fata mazauna garin ne suka yi shekaru suna matsa lamba, ba tausayi ne ya kama gwamnati ba.

Malam Na Zariya: Nan kam Hajiya ina bayanki.

Ɗan Kurna: Ni ban janye ba fa. Gobe zan je unguwar Wedding in ga dandalin da idona, zan turo hoto.