Sake gini bayan ambaliya: wane ɓangaren gida ya fi cancantar kuɗin da ke hannu?

Malamin makaranta, Rikkos:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ruwan daminar bana ya kayar mana da ɗakuna biyu da katangar baya, kuma abin da ke hannuna ba zai wuce na sake tayar da ɗakunan ba. Na karanta cewa bayan guguwar Katrina ta watan Agustan 2005, wadda ta sa ruwa ya mamaye kusan kashi 80 cikin 100 na birnin New Orleans a Amurka, mutane da yawa sun ɗora gidajensu a kan ginshiƙai domin ruwa ya riƙa wucewa ta ƙarƙashi. Ina roƙon waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali su faɗa mini ko dabarar za ta yi mana a Jos, ko kuwa akwai wadda ta fi ta sauƙi.

Magini, Unguwar Rogo:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya mayar da alheri. Na yi aikin gyaran gidaje bayan ambaliyar watan Yulin 2012, lokacin da ruwa ya tumbatsa daga madatsar Lamingo ya hallaka sama da mutum 30 a unguwanninmu, kuma abin da na gani shi ne kusan duk bangon da ya faɗi daga gindi ya fara lalacewa. Tubalin ƙasa yana shan ruwa daga ƙasa ya yi laushi, sai nauyin sama ya durƙusar da shi. Gidajen da aka yi wa harsashi da dutse kuwa sun tsaya, ko da saman na ƙasa ne.

Shawarata ita ce ka duba shatin da ruwa ya bari a bangon maƙwabtanka, ka sa dutse da siminti su wuce wannan shati da layin bulo biyu, sannan a cike cikin da jar ƙasa ana yayyafa ruwa ana dannewa kaɗan-kaɗan, a shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankaren daɓe. Dutse dai ba ya yi mana wuya a Filato. Idan za ka sayi bulo, ka ɗauki guda ka murza gefensa da yatsa, idan yana zubar da yashi ka bar musu kayansu. Ni ba na yarda buhun siminti ɗaya ya fitar da fiye da bulo 30 mai inci 9 a aikin gindin gini. Kuɗin fenti da tayil su jira shekara mai zuwa.

Injiniya, Abuja:
Na goyi bayan Baba magini, sai dai ina so Malam ya lura da bambancin ruwan biyu. A gaɓar teku guguwa ce ke turo ruwa ya hau tudu, kuma galibin gidajen New Orleans na katako ne marasa nauyi, saboda haka ɗaga su ba ya cin kuɗi kamar ɗaga gidan bulo, wanda sai an zuba masa ginshiƙai da dekin na rodi da kankare. Ruwan Jos kuwa daga duwatsu yake gangarowa da gudu, ya zaizaye ƙasar da ke ƙarƙashin harsashi, ya janye cikin 'yan sa'o'i. Don haka zurfin harsashi da nisantar bakin rafi sun fi muhimmanci a gare ka.

Akwai darasi ɗaya na ƙasashen guguwa da na ɗauka kai tsaye a gidana, wato ɗaure rufi. Na sa an binne ƙarafa a cikin linta, aka lanƙwasa su a kan katakon rufi aka buga, kuma iskar farkon damina da ta yaye kwanon maƙwabta ba ta taɓa nawa ba. Game da katanga, a unguwar Lokogoma ta nan Abuja na ga yadda katangar da ba ta da mafitar ruwa take tare shi har ya taru ya ture ta a kan ɗaki. A bar ramuka a layin ƙasa, a sa musu raga.

Hajiya, Gangare:
Malam, Allah ya kiyaye gaba. Maza sun yi maganar bango, ni kuma zan yi maganar abin da ya fi wahalar da mu bayan ruwa ya janye. Masai ya cika ya malala cikin rijiya, yarana biyu suka kwanta da amai da gudawa, muka kashe a asibiti abin da ya kusa kuɗin ɗaki guda. Da muka tashi gyara, mun ɗaga bakin rijiya har ƙugu muka yi masa murfi, muka mayar da masai can ƙasan gangare nesa da ita. Mun kuma sa mai gyaran wuta ya ɗaga duk soket zuwa tsayin ƙirji, kafinta ya kafa mana kanta kusa da silin inda muke ajiye takardun gida da na makarantar yara a cikin bokiti mai murfi. Buhunan masara yanzu a kan benci suke, ba a ƙasa ba.

Ɗan kasuwa, Farin Gada:
Ina Maiduguri a gidan yayana a Gwange lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, inda ruwa ya kwana da kwanaki a cikin ɗakuna. Kuskuren da mutane da dama suka yi shi ne gaggawar yin filasta da fenti a kan bangon da bai bushe ba, bayan 'yan watanni duk ya kumbura ya ɓarɓashe. Yayana ya kankare tsohuwar filastar daga ƙasa zuwa inda ruwa ya tsaya, ya bar tagogi a buɗe har iskar hunturu ta busar da bangon, sannan ya yi sabuwa. Malam, ɗakunanka da suka tsira ma ka yi musu haka, kuma duk tsagewar da ka ga tana ƙara faɗi ka kira Baba magini ya duba gindinta kafin iyali su koma kwana a ciki.