Neman taimako kan fassara wasu kalmomin Sifaniyanci zuwa Turanci

Assalamu alaikum. Ina fassara wani rahoton jarida daga Sifaniyanci zuwa Turanci kan wasan da Barcelona ta lallasa Real Madrid da ci 5 da nema a watan Nuwamban 2010, amma kalmomi uku sun hana ni sakat.

Wadda ta fi ɗaure mini kai ita ce "crónica". Ƙamus ya ba ni "chronicle", alhali a wajen 'yan jaridar Sifen tana nufin labarin wasa da marubuci yake bayarwa daki-daki, yana cusa ra'ayinsa da salonsa a ciki, shi ya sa nake ganin "match report" bai ɗauke ma'anar duka ba. Haka kuma "redacción" tana iya zama ɗakin tace labarai ko rubutun kansa, kuma a jimlar da ke gabana kowanne ya zauna daram.

Sai "manita", wato ɗan ƙaramin hannu, inda yatsu biyar suke nuni da ƙwallaye biyar. Shin in bar ta yadda take in ƙara gajeren bayani, ko akwai kalmar da 'yan jaridar Ingila suka saba amfani da ita? Ina roƙon masana su taimaka mini.