Masu tara kayan Philippe Starck, ya ake gane Louis Ghost ta asali?

Uwargida: Salam jama'a, wallahi aikin bafaranshen nan mai zana fasalin kayayyaki Philippe Starck yana burge ni sosai, musamman kujerarsa Louis Ghost mai kama da gilashi, ina son in fara tara kayansa amma jabu sun cika kasuwa. Ya zan gane ta gaske?

Mai_Zane: Wa alaikumus salam Hajiya. Kamfanin Kartell na Italiya ne ya fito da ita a 2002, roba ce mai ƙarfi da ake zubawa a zubi guda, ba ƙusa ba haɗi. Ki nemi tambarin Kartell a jiki, kuma ki karɓi rasit.

Baban_Yara: Ni da mamatsar lemon tsaminsa na fara, Juicy Salif ta kamfanin Alessi, 1990, mai dogayen ƙafafu uku. Ta fi kujerar sauƙin kuɗi.

Uwargida: Na gode, Allah ya saka da alheri. Kujerar tana jure rana?

Mai_Zane: A cikin ɗaki dai ya fi, kuma ki riƙa goge ta da ƙyalle mai laushi don saurin karcewa gare ta.